Motar Da Ta Ƙi Sayuwa: Abin Da Shari'a Ta Ɗora Wa Mai Sayar Da Tsohuwar Motar Tsere

 

Duk wanda ya saba leƙa shafukan tallar motoci na Facebook ko Jiji, ko zaurukan WhatsApp na dillalai, ya san irin wannan talla. BMW ce mai ƙofa biyu, ƙirar da ake kira E46. An rage mata tsayi har cikinta ya kusa shafar ƙasa, an sa mata wili mai faɗi, an cire salansarta ta asali an ɗaura mai ruri, an kuma taɓa kwamfutar injin domin ƙarin gudu. A ƙarƙashin hoton mai ita ya rubuta cewa abin da ya kashe mata ya fi kuɗin da ya saye ta. Sai talla ta yi wata uku tana yawo, farashi ya sauka sau biyu, mota tana nan a ƙofar gida. Masu kira ba su yanke ba, sai dai yawancinsu samari ne da ke son a ba su su ɗana, su ɗauki hoto, su ce za su yi shawara.

Mai irin wannan mota galibi ya so ta da gaske, kuma buƙatar da ta sa shi rabuwa da ita ta gaske ce: aure ya matso, ko kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko bashin da mai shi ya fara sallama da sassafe. A wannan hali ne masu ba da shawara ke yawaita. Wani ya ce a kai ta wajen mai kwamfuta ya mayar da mitar tafiya baya. Wani ya ce a zuba mata baƙin mai mai kauri ranar da za a zo dubawa, hayaƙin zai lafa. Wani kuma ya ce, kai dai kada ka kuskura ka ambaci cewa an taɓa wasa da ita. Saboda mutumin da ke tsaye tsakanin buƙatarsa da waɗannan shawarwari aka yi wannan rubutu, sannan saboda wanda zai saya daga hannunsa.

Ya kamata mu fara fahimtar dalilin da ya sa motar ta ƙi sayuwa, domin da yawa suna jingina abin ga hassada ko bakin mutane, alhali dalilan a fili suke.

Kamfanin BMW ya daina ƙera E46 a shekarar 2006, wato ƙarama a cikinsu ta doshi shekara 20 a duniya. Waɗanda aka shigo da su daga Amurka mitarsu da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Motar da mitarta ta nuna mil 200,000 ta yi kimanin kilomita 322,000, daidai da zagaye duniya sau takwas. Injinta mai silinda shida yana da juriya, kanikawa sun shaida haka. Amma abin da ke kewaye da injin ba ya jure shekaru kamar shi. Tankin ruwa da wasu sassan lagireto na roba ne, suna bushewa su tsage. Famfon ruwa yana mutuwa. Kuma wurin da aka ɗaure ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya a jikin bodi yana iya tsagewa, matsalar da ta shahara har ta kai kamfanin gaban kotu a Amurka. Mai saye da ya san mota ya san duk wannan, kuma yana cire kuɗin gyaran daga abin da zai taya tun kafin ya buɗe baki.

Sai batun sauye-sauyen da aka yi mata, wanda nan ne mai mota da kasuwa suka fi saɓani. Shi yana ganin kowane ƙarfe da ya ƙara daraja ce. Mai saye kuwa alama yake gani. Mota ce mai tura kanta da tayoyin baya, shi ya sa masu wasan juya mota ke ƙaunarta, kuma ba wanda ke rage wa mota tsayi ya ƙara mata ƙarfi domin ya riƙa kai yara Islamiyya. Salansa mai ruri tana faɗa wa mai saye cewa injin nan ya sha wuta, kuloci ya sha wahala. Wasu ma sukan yi wa giyar baya walda domin tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, abin da ke sauƙaƙa wasa a fili amma yake sa mota ta ƙwace wa direba a kwana idan an yi ruwa. Ga kuma hanyoyinmu: motar da cikinta ke dab da ƙasa, kowane tudun rage gudu da kowane rami a cikin unguwa jarrabawa ne a gare ta. Daga ƙarshe, kwalliya ra'ayi ce. Launin da ya burge ka da fitilun da ka zaɓa, wani kuɗin cire su yake lissafawa.

Halin ƙasa ya ƙara tsananta lamarin. Tun da aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran motocin Jamus suka yi tsada. Magidanci mai neman mota yau Corolla yake tambaya. Waɗanda ke sha'awar mota mai injin lita uku da ƙofa biyu kaɗan ne, kuma mafi yawansu sha'awar ta fi aljihun nauyi.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar motocin hannu, nazarin da yake cikin abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya bayyana shi ne: mai sayarwa ya san motarsa, mai saye bai san ta ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance lafiyayya da mai ciwo ba, sai ya taya kowace da farashin da zai kare shi idan ta zamo mai ciwo. Mai lafiyayyar mota ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye, kasuwa ta ƙara cika da masu ciwo, farashi ya ƙara faɗuwa. Ke nan duk wanda ya taɓa mayar da mita baya ya ci riba sau ɗaya, amma harajin ƙaryarsa yana kan wuyan kowane mai gaskiya da zai fito da mota bayansa. Tayin raini da ake yi wa motarka, ɗan'uwa, wani ɓangarensa kuɗin yaudarar da wasu suka yi ne kafin kai.

To me shari'a ta ce?

Dokar ciniki ta Ingila, wadda muka gada, ta daɗe a kan ƙa'idar cewa mai saye ne zai yi hattara. Musulunci ya ɗora nauyin a kan wanda ya sani. A hadisin Hakimu bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya rataya albarkar ciniki a kan abubuwa biyu, gaskiya da bayani, ya kuma rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. A lura da cewa abu biyu ne. Mutum yana iya ƙin furta ƙarya ko ɗaya, amma ya yi shiru a kan abin da ya sani, kuma shirun nan kaɗai ya isa ya kwashe albarkar. A Sahihu Muslim kuma akwai labarin mai sayar da abinci da ruwan sama ya jiƙa, ya mayar da jiƙaƙƙen ƙasa ya bar busasshe a sama. Mutumin bai ce wa kowa abincinsa busasshe ne ba. Tsari kawai ya yi, amma Annabi (SAW) ya kira abin algus, ya kuma barrantar da kansa daga mai yin sa.

Mafi kusa da mas'alarmu shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira tasriya: a bar akuya ko taguwa kwanaki ba a tatse ta ba, hantsarta ta cika, mai saye ya zaci haka take ba da nono kullum. Shari'a ta hana, ta kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. A wata ruwaya ta Muslim an ba shi kwana uku. Duk mai hankali zai ga cewa mayar da mita baya ɗaure hantsa ne na zamani. Haka baƙin mai mai kauri da ke ɓoye hayaƙi na yini ɗaya, haka cire ƙwan fitilar gargaɗin inji ko ta jakar iska, haka goge bayanan matsala daga kwamfutar mota awa ɗaya kafin mai saye ya iso, haka ɗumama inji tun da wuri domin kada a ji ƙarar da yake yi idan ya kwana. Dukansu aiki ne da aka yi wa kaya domin ya nuna halin da ba nasa ba, kuma sunansa a fiƙihu tadlisi. Ko a Amurka, inda yawancin motocin nan suka fito, taɓa mita laifi ne a dokar tarayya tun 1972.

Wani zai ce: ni ban taɓa komai ba, na dai ce masa, "Ga mota nan, kawo bakanikenka ya duba, abin da ka gani shi ka saya, ba dawowa." Wannan shi ne sayarwa bisa sharaɗin barranta daga aibi, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Hanafawa sun faɗaɗa, sun inganta shi. Mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan yanki ta ƙuntata shi matuƙa: a mashhurin zance ba ta yarda da shi a sauran kayayyaki ba, kuma inda ta yarda da shi ma, ba ya kare mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa. Abdullahi bin Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin barranta. Mai saye ya dawo ya ce akwai ciwon da ba a faɗa masa ba. Suka je gaban Khalifa Usman bin Affan, sai ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi a kan dirhami 1,500. Abin lura shi ne tambayar da Usman ya mayar da shari'ar gare ta. Bai tsaya a kan lafazin sharaɗin ba, ya tafi kai tsaye ga abin da mai sayarwa ya sani.

Malamanmu sun ƙara da cewa bayanin aibi sai ya zama filla-filla. A Mukhtasar na Shaikh Khalil an wajabta wa wanda ya san aibi ya faɗi cewa yana nan, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. A wasu kasuwannin motoci na ƙasashen Larabawa dillali kan ce tarin ƙarfe yake sayar maka, domin ya wanke kansa daga komai a jumla ɗaya. Malamai sun ce wannan ba ya amfanar wanda ya san ainihin inda ciwon yake. Mu ma muna da namu salon: "Ai ka san tsohuwar mota ce, sai haƙuri." Mai saye yana jin wannan a matsayin tawali'u. Idan ka san inji ya taɓa zafi har aka sauya gasket, faɗi haka. Idan ka san an cire abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi aka sayar, faɗi haka, domin yana da tsada saboda ma'adinai masu daraja da ke cikinsa. Idan ka san an yi wasa da ita a fili, ko an yi wa giyar baya walda, wannan ya fi komai wajabcin faɗa, domin ya wuce batun kuɗi ya shiga batun rai.

Shin kowane sauyi aibi ne? A'a. Ma'aunin aibi a wurin malamai shi ne abin da ke rage daraja ko amfani a al'adar masu wannan kasuwa, wanda da mai saye ya sani da bai biya wannan kuɗin ba. Wili da fenti da salansa a fili suke, ido yana gani, kunne yana ji, ba a dawo da mota saboda su. Amma abin da aka sauya a cikin kwamfuta, ko injin da aka ɗauko daga wata mota, ko bodin da aka miƙar bayan hatsari aka shafe da fenti, waɗannan ɓoyayyu ne, kuma kasuwa tana rage kuɗi saboda su. Abin da kai kake kira ƙari, idan kasuwa tana kiransa ragi, hukuncin kasuwa ake bi.

Idan ciniki ya riga ya faɗa sannan aibi ya bayyana, mai saye yana da zaɓi: ya riƙe motar a yadda take, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, kuma ba a bin sa kuɗin hawan da ya yi, domin a lokacin da take hannunsa da ta lalace asararsa ce. Idan wani sabon aibi ya same ta a hannunsa, yana iya riƙewa ya karɓi bambancin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Bambancin da kaso ake fitar da shi. Misali, idan masana suka ce lafiyayya ta kai naira miliyan 5, mai wannan aibi kuma miliyan 4, aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya saya a kan miliyan 4.5 sai a mayar masa da 900,000. Amma Malikawa sun bambanta wanda bai sani ba da wanda ya ɓoye da gangan. Idan kayan ya halaka ta dalilin aibin da aka ɓoye, asarar tana kan mai ɓoyewa, zai mayar da kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya rufe matsalar zafin inji, inji ya buga a hanyar Kaduna bayan mako ɗaya, ya sani cewa a shari'a kuɗin nan bai zama nasa ba tukuna, ko da ya riga ya biya sadaki da su.

Dillali ma yana cikin wannan hukunci. La'ada halal ce. Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinta ba. Amma dillalin da ya san aibi ya yi shiru abokin tarayya ne a cikin zunubin. Kuma cewa "jiya wani Alhaji ya taya miliyan shida muka ce albarka", alhali ba wanda ya taya, yana cikin najashi da aka hana. Rantsuwa kuwa, hadisi ya bayyana cewa tana sa kaya ya shige amma tana share albarkar abin da aka samu.

Kada mai saye ya ɗauka shi ba ruwansa. Ganin mutum a matse sannan a ƙirƙiro wa motarsa ciwon da ba ta da shi, ko a haɗa baki da bakanike ya kushe ta domin a karya farashi, tauye wa mutane kayansu ne, laifin da Alƙur'ani ya ambata game da mutanen Annabi Shu'aibu (AS). An ruwaito cewa an sayo wa Jarir bin Abdullah doki a kan dirhami 300, da ya duba ya ga ya fi haka, sai ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, saboda mubaya'ar da ya yi wa Annabi (SAW) a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba a wajabta wa kowa ya kai matsayin Jarir ba. Amma wanda aka faɗa wa gaskiyar aibi, bai dace ya mayar da gaskiyar makamin yanka mai ita ba, in ba haka ba gobe wa zai sake faɗa?

A aikace, shawarata ga mai irin wannan mota ita ce ya fara cire kuɗin kwalliya daga lissafinsa. Kuɗin nan ya riga ya ci su, a jin daɗin da ya yi shekarun da yake hawa, kuma ba wanda zai biya shi kuɗin jin daɗinsa. Idan kayan asali suna nan, salansa da sifirin da wili, ya mayar mata da su, ya sayar da na kwalliyar daban ga masu sha'awarsu. Sau da yawa hakan ya fi kawo kuɗi, kuma halal ne matuƙar bai yi haka domin ya ɓoye tarihin motar ba. Ya kai ta a sa mata na'ura a gaban mai saye. Ya rubuta duk abin da ya sani a takardar ciniki, da lambar da mita ke nunawa, su sa hannu da shaidu biyu. Takardar nan kariya ce gare shi fiye da mai saye, domin aibin da aka faɗa aka yarda da shi ba a dawo da mota saboda shi. Sannan ya nemi masu sayenta a inda suke, wato cikin masu sha'awar irinta da kanikawan da suka ƙware a kanta, waɗanda jerin gyare-gyaren da aka yi zai ƙara musu natsuwa maimakon ya kore su. Zan ƙara da cewa, wanda ya ga alamar yaron da ke gabansa domin wasan mota a titin unguwa ranar biki yake nema, ya yi tunani sau biyu kafin ya miƙa makulli; mun yi jana'izar da ta isa a kan wannan.

Saura mas'ala ɗaya da ake yawan tambaya, kuma ita ce mafi ɗaci. Mutum ya sayi mota mita tana nuna mil 90,000. Bayan shekara biyu wani ya duba masa lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a rumbun bayanai irin na Carfax, sai ga shi tun kafin ta bar Amurka ta wuce mil 180,000, ko kuma motar hatsari ce da kamfanin inshora ya yi gwanjonta. Shi aka cuta, bai taɓa mita ba. Yanzu da zai sayar, shin zai iya yin shiru ya bar mita ta yi magana?

Ba zai iya ba. Daga ranar da ya sani, sanin ya zama amana a wuyansa, kuma lambar da ke kan mita ta zama ƙaryar da shirunsa ke gaskatawa. Haƙƙinsa yana kan wanda ya sayar masa, yana da damar ya bi shi ya nemi bambanci, a gaban alƙali ko shugabannin kasuwa. Idan ya same shi, to. Idan bai same shi ba, bashi ne da ba ya ɓata a wurin Allah. Amma mutum na uku da ya zo da kuɗinsa bai ci masa komai ba. Abin da zai rubuta a takarda shi ne: mita tana nuna kaza, amma bayanan shasi sun nuna ta wuce kaza tun shekara kaza. Farashi zai sauka, wataƙila sosai, kuma wannan saukar ita ce ainihin kuɗin motar tun ranar da ya saye ta.

Allah ne Mafi sani.